Rigar da Ta Matse a Gefe Ɗaya

Furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ɗanta na fari har ya fara aske gemu, amma duk layin nan ba mai kiranta da wani suna sai Auta. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya bi ta gidan miji, ya biyo ta shago, har yaran da aka haifa a gabanta Anti Auta suke ce mata. Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai keke biyu, na ƙafa da na lantarki, da dogon madubi da ya tsage a kusurwa, da labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. Ƙyallaye kuwa ko'ina, har cikin kofin shayinta ake samun zare.

Ba ita ta fi kowa iya yayi ba, akwai yara sababbin shiga da suka fi ta sanin abin da ake yayi. Abin da ya riƙe mata mutane shi ne hannu da kuma baki. Hannun, in ya auna mace sau ɗaya ya riƙe awon ke nan. Bakin kuma ba ya faɗin abin da hannun ya ji. Tsohuwar da ta koya mata ɗinki, wata mafaɗaciya da ta rasu tuntuni, ita ta dasa mata wannan. Ta ce mata mace ba ta zuwa wurin tela don a ba ta labarin jikinta, tana da madubi a gida. In kin ga an canza, ki gyara rigar ki ja bakinki. Auta ta riƙe wannan fiye da yadda ta riƙe karatun makaranta. Mace za ta shigo tana haki ta ce, "Auta, wannan yadin tsukewa yake in an wanke." Auta ta san sarai ba yadi ne ya tsuke ba, mai yadin ce ta buɗe. Sai ta ce, "Ai yadin yanzu sai haƙuri," ta farke gefe ta saki ɗinki, kowa ya rabu da kowa lafiya. Ta sha sanin mace na da ciki kafin mijin ya sani. Ta sha ganin wadda ke ramewa don baƙin cikin gida, ta rage mata riga ba tare da ta tambayi dalili ba. Tana alfahari da wannan, kuma ba laifi, da shi ta ci abinci ta ciyar da 'ya'yanta.

Mutum ɗaya ce a duniya Auta ke rage murya a gabanta, wato yayarta. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu Auta ba ta gama iya ɗaura zane ba, Yaya ce ta yi mata wanka, ta yi mata kitso, ta yi mata duka. Da ta ga boko ya ƙi shiga kan yarinyar, ita ta kama hannunta ta kai ta koyon ɗinki. Yaya malamar aji ɗaya ce a firamare. Tun daga bakin ƙofar makarantar ake jin muryarta tana jan yara da baƙaƙe, kuma da wannan muryar take magana da kowa, har da mijinta, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu bai taɓa cin ta a gardama ba. Yaya ba ta tsayawa awo. Takan jefa yadi a kan teburin Auta ta ce, "Irin na da," ta wuce.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta ta shigo da wata shuɗiyar riga a leda, wadda Auta ta ɗinka mata ba da daɗewa ba.

"Ke Auta, kin fara makancewa ne? Rigar nan ta matse ni a gefe ɗaya."

"Gefe ɗaya kuma, Yaya?"

"Da bakin wa na yi magana? Hagu. Zo ki gani."

Suka shiga bayan labule. Yaya ta sa rigar, ta tsaya ƙiƙam tana kallon silin. Auta ta zagaya tef ta ƙirjinta, kuma a nan bayan yatsunta suka gogi wani abu a maman hagu, can wajen hammata. Abu ne mai tauri, ba ya motsi, kamar dunƙulen zare da aka tura ƙarƙashin fata.  Ta san ba ƙiba ba ce, ƙiba ba ta zaɓen gefe. Ta ɗaga ido, ta ga Yaya na kallonta ta cikin madubi.

"Mene ne?" in ji Yaya.

Bakin Auta ya riga hankalinta. "Yadin ne, Yaya. Ya ja ta gefe. Bari in saki."

Yaya ta kau da ido daga madubin, ta ce, "To, yi sauri, ina da aikin yara da zan duba."

Auta ta saki ɗinkin. A hanyar gida ta ce wa kanta gobe za ta yi mata magana. Da gobe ta yi ta ce ai malama ce, ta fi ta sani, wa zai koya wa Yaya jikinta. Daga baya ta ce ƙila maruru ne, zai fashe ya wuce. Gaskiyar ita ce tsoro take ji. Tana tsoron abin, tana tsoron sunansa, tana kuma tsoron ranar da za ta kalli matar da ta yi mata wanka ta ce mata ki tuɓe a duba ki.

Riga ta gaba da kanta ta ƙara wa gefen hagu tun a wajen yanka. Wadda ta biyo baya, da ta ga ƙarin ya fara nunawa, sai ta sa siririn soso cikin shafin gefen dama don su zo daidai. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Malaman makarantar har tambaya suke wa ke yi wa Yaya ɗinki. Wannan shi ne abin da ya fi cin Auta daga baya: a lokacin har daɗi ta ji da aka yaba. Haka aka ci watanni, zafi ya wuce, ruwa ya sauka ya ɗauke.

Allon aji ne ya tona asiri. Yaya bahaguwa ce, da hagu take rubutu, sai ga shi hannun ya ƙi ɗaguwa zuwa saman allo. Shugabar makarantar ta lura kwana da kwanaki rubutun Malama yana ta saukowa ƙasa, ta tsare ta a ofis, ta ga kaluluwar da ta fito mata a hammata, ta sa ta a mota sai asibiti. Aka yi hotuna, aka tsaga aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. 'Ya'yan Yaya duk suna nesa da aure da aiki, don haka ranar da za a faɗi sakamako Auta ce a kujerar gefe, da jakar Yaya a cinyarta.

Likitar mace ce mai sanyin murya, mai yawan juya biro a hannu. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ciwon daji ne na mama. Ta ce ya girma, ya kama fata, ya shiga hammata, amma hotuna sun nuna bai kai huhu ko hanta ko ƙashi ba, kuma wannan abin godiya ne.

"To a yanke shi mana," in ji Yaya, kamar tana ba ɗan aji umarni.

"Za a yi aiki, Malama, amma ba yanzu ba. Yadda yake ɗin nan in muka shiga ba za mu iya kwashe shi tsaf ba. Sai mun fara ba ki magani ta jijiya, shi ake kira kemo. Za a yi ta sa miki shi lokaci-lokaci har wasu watanni, ya rage girman abin, ya sake fatar. In ya ja baya sai mu yi aikin. Maganin share fage ne, aikin shi ne mai cirewa." Ta juya bironta. "Tun yaushe kika fara jin sa?"

"Ban daɗe ba," in ji Yaya.

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon zif ɗin jakar. Ita ta san tun yaushe. Ta san rigar, ta san launinta, ta san ko yatsa nawa ta saki. Likitar ba ta ce da an zo da wuri ba, ba ta ma nufi wajen ba, amma Auta ta ji maganar tsaf kamar an faɗa mata a kunne. Da a lokacin shuɗiyar riga aka zo, ƙila da tuni an cire an huta, ba sai an bi ta wannan doguwar hanya ba.

Ɗakin kemo dogo ne, da kujeru masu jingina a jere, kowace da ƙarfen rataye ruwa a gefenta, da talabijin da ba mai kallo. Maganin farko ja ne wur. Yaya ta dube shi yana bin roba zuwa hannunta ta ce wa nas, "Wannan ai jan biron da nake yi wa yara maki ne. Yau ni za a yi wa gyara." Matan da ke kujerun kusa suka yi dariya, Auta ta kasa.

Bayan kwana kaɗan dariyar ta ƙare. Amai ya zo, abinci ya koma ɗanɗanon ƙarfe, baki ya yi gyambo, farce ya yi baƙi. Gashin da Auta ta tashi tana gani a tsefe ya bi matashi da mataji har ya ƙare. Auta ta rufe shago rabin mako tana buɗewa rabi, masu kaya suna ta zarya, wasu suka kwashe yadinsu suka kai wa yaran nan masu yayi. Ba ta damu ba. Ta koma gidan Yaya da kwana. Ita ce wanki, ita ce riƙe roba, ita ce dama kunu mai ruwa-ruwa da Yaya za ta kurɓa sau biyu ta ture. Ta ɗinka mata huluna masu taushi daga ragowar yadi. Maƙwabta suna cewa, "Kai, Allah ya ba kowa ƙanwa irin Auta." Duk lokacin da ta ji haka sai ta ji kamar ta ɗauki kayan wani an kama ta ana yi mata godiya.

Abin kuwa ya fara ja da baya. Duk zuwa asibiti likita na auna shi da ɗan ma'auninta ta rubuta, ta ce ana samun ci gaba. Amma Yaya ba ta yarda da awon kowa ba sai na ƙanwarta. In sun dawo gida takan ce, "Ke zo ki duba, su waɗannan da abin roba suke yi." Auta ta wanke hannu ta taɓa. Dunƙulen ya koma kamar ƙwai, ya koma kamar goro, fatar da ta tattare ta fara sakewa. Ta zauna ta farke rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, ta zare soson ta cusa a ƙasan jakarta, ta mayar da ɗinkin inda yake tun asali. In Yaya ta tambaya sai ta ce ramar da ta yi take ragewa.

Ana saura zagaye na ƙarshe na kemo jikin Yaya ya ƙi. Jininta ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti, ta fito ƙafafunta na mata zugi kamar tana taka ƙaya. Wata rana da la'asar tana kwance a falo, fanka na juyawa, ta ce ba tare da ta buɗe ido ba, "Na gama. Ba zan koma a ƙara mini wannan dafin ba. In mutuwa ce ta same ni a gadona."

"Haba Yaya, saura ɗaya fa."

"Ke ake ɗura wa? Zo ki duba. In har yanzu yana nan bayan duk wannan azabar, to maganin banza ne, a bar ni."

Auta ta durƙusa ta taɓa. Da farko ba ta ji komai ba, har ta fara murna. Sai can ciki yatsarta ta same shi, ɗan ƙarami, mai tauri, kamar maɓallin riga. Ta dubi fuskar Yaya, ba gira, leɓe duk ya bushe.

"Babu, Yaya. Ya narke."

Yaya ta buɗe ido. "Ki ji tsoron Allah."

"Ya narke ƙurmus. Kin ga maganin na aiki. Ki daure ki ƙarasa."

Yaya ta mayar da idonta kan fanka. Sannan ta ce, "To, zan ƙarasa, kada likitar nan ta ce na raina ta." Ta kuwa je aka sa mata na ƙarshen. A ranar Auta ta ji sauƙi a ranta karo na farko tun shuɗiyar riga. Ta ce ko ba komai wannan karon bakinta ya yi amfani.

Da suka koma a sa ranar aiki, likita ta duba sabon hoto ta yi murmushi, ta ce maganin ya yi abin da ake so, yanzu za a iya shiga. Ta fara bayanin yadda za a cire maman da kaluluwar hammata. Yaya ta ɗaga mata hannu irin yadda take tsayar da yaro mai surutu.

"Me za a cire? Ai ya narke."

"Ya ragu sosai, Malama. Bai tafi ba."

"Ya narke. Ƙanwata ta duba."

"Ko da hannu bai ji komai ba, ko da hoto bai nuna ba, sai an cire wurin. Saiwarsa na nan. In aka bar shi zai dawo, kuma in ya dawo ba lalle maganin ya sake jin sa ba. Makonnin nan masu zuwa su ne damarmu, don su kika sha duk wannan wahalar."

"Likita, ke yarinya ce, ba na musu da karatunki. Amma wannan da kike gani," ta nuna Auta da haɓa, "tun tana 'yar mitsitsiya hannunta bai taɓa kuskuren awo ba. Ta ce babu. Ba za a yanke mini nama lafiyayye ba." Ta miƙe ta gyara mayafi.

Likitar ta dubi Auta. Ba harara ba ce, tambaya ce kawai. Auta ta buɗe baki, Yaya ta ce, "Taso mu tafi," ta kuwa tashi ta bi ta kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Nas ta kira, Yaya ta ce a ce mata tana barci. 'Ya'yanta suka yi ta waya suna roƙo, ta ce su tambayi antinsu. Ƙarfi ya fara dawo mata, ta fara cin abinci, har wani laushin gashi ya fara tsirowa. Ta fara maganar komawa aji. Auta kuwa in ta zauna a keke sai ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke. Sau biyu ke nan, sau biyu tana rufe abu ɗaya da bakinta, na farko ya jawo wa Yaya watannin dafi, na biyu yana shirin mayar da watannin aikin banza.

Ran nan da hantsi sai ga Yaya a shago, karo na farko tun fara magani, da sabon yadi a hannu. Ta jefa shi a tebur. "Na komawa makaranta. Wannan karon sai kin auna, na zube."

Auta ta ja ƙofar shagon ta rufe. Suka shiga bayan labule. Ta ɗauki tef, ta ajiye.

"Yaya, ƙarya na yi miki. Bai narke ba."

Mai gyaran waya na ta gwada ƙarar wata waya ta bayan bango. 

"Na ji shi ranar. Na ga za ki bar maganin ne, shi ya sa."

"Ke," in ji Yaya a hankali, "yaushe kika fara yi mini ƙarya?"

Auta ta so ta ce ranar ce kawai. Sai ta ji kanta tana faɗin shuɗiyar riga, da ƙarin da take yi wajen yanka, da soson. Tana faɗa tana kuka irin na yara, da majina da komai, tana jiran a ɗaga muryar nan da ake ji daga bakin ƙofar makaranta. Da an yi mata ihu da ta ji daɗi.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kan ɗan bencin gwaji.

"Kin zaci ban san da soson ba? Ni nake wanke rigunan a lokacin." Ta shafa gwiwarta. "Na riga ki jin sa da daɗewa, Auta. Ni nake wanke jikina. Na kasa faɗa wa kowa, na kasa faɗa wa kaina. Rigar nan da na kawo miki, ba don ta matse ni ba ne, ina da wasu. Na ce bari in je wurin yarinyar nan, in ta taɓa ta ce Yaya mu je asibiti, sai in yi mata faɗa in bi ta. Na tsaya ina kallonki a madubin can ina jira. Kika ce yadi ne." Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Na ce to, tunda Auta ta ce yadi ne."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye. Duk watannin nan tana ganin laifinta shi ne ta ga abu ta ɓoye. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa tambayarta aka zo yi ba.

"Tashi," in ji Yaya. "Share hancinki. Wanke hannu ki zo."

Ta wanke da butar shago, ta goge a zanenta. Yaya ta buɗe gaban rigarta ta kau da kai. Yatsun Auta suka tafi wurin kai tsaye.

"Faɗa mini."

"Yana nan, Yaya."

"Da ƙarfi. Ban ji ba."

"Yana nan. Sai an cire."

Yaya ta mayar da maɓallanta ɗaya bayan ɗaya har wuya. Ta zaro waya daga jaka ta miƙa mata. "Nemo mini lambar nas ɗin nan, idona ba ya gani sosai tun maganin." Auta ta nemo. Yaya ta yi magana a taƙaice, ta ce Malama ce, a gaya wa likita ta shirya, duk ranar da aka sa za ta zo. Ta saurara, ta ce to, ta kashe.

Ta dafa bango ta miƙe. Auta ta riƙo gefen mayafinta.

"Yaya, ki yafe mini."

Yaya ta tsaya, hannunta a kan labule, ba ta juyo ba.

"Bari a cire wannan tukuna," ta ce. "Ba ni da ƙarfin abu biyu."